Yadda za ki hana turare da mayuka zubewa a akwati in za ki hau jirgi

Farar jallabiya ce na saya wa Baba a Madina, sai da na shiga shaguna kusan biyar kafin na samu mai irin wuyan da yake so, na linke ta da hannuna na sa a saman kaya don kar ta yamutse. Muka sauka Kano da asuba, wajen hantsi an cika falo ana jiran tsaraba, yara sun zagaye akwatin, ina zuge zif ɗin wani wari ya bugi hancina wanda na kasa gane ko na mene ne, ashe man habbatussauda ne ya haɗu da shamfu. Robar man tana nan da murfinta a rufe, ba ta fashe ba, amma rabin man da ya rage a ciki babu shi, ya bi ta gefen murfi ya jiƙa ƙirjin jallabiyar ya gangara cikin abayoyi biyu, shi kuma shamfun murfinsa ya ɗage ya malale a kan kwalin dabino. Dabinon nan ko da aka wanke shi bai ciwu ba. Wallahi ranar sai da na shiga ɗaki na yi hawaye, ba don kuɗin ba, don dai na riga na gaya wa Baba ta waya cewa na samo masa irin wadda yake so.

Tun daga lokacin na dage sai na gane abin da ke sa kwalbar da ta yi wata uku a kan madubi ba ta ɗiga ba, ta shiga jirgi na awa biyar ta zubar da rabinta. Zan riƙa cewa "ki" don mu mata mu muka fi ɗibar kwalabe, amma alhazai maza masu sayo turare da man zaitun, da ɗalibai masu tafiya karatu, duk abin ya shafe ku.

Toh ga abin da ke faruwa. Jirgin fasinja yana tafiya ne a sama da ƙafa 30,000, a can iska ba ta da kaurin da mutum zai shaƙa ya rayu, shi ya sa ake tura iska cikin jirgin a matse ta. Amma ba a matse ta har ta kai irin ta ƙasa, ana barinta ne daidai da iskar kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Wannan ne ke sa kunne ya toshe in an tashi, shi ne kuma ke sa ki ga ledar biskit ta kumbura kamar balan-balan a cikin jirgi, robar ruwan da kika sha rabi kika rufe a sama kuma in an sauka ki ganta ta lotse. Mutane da yawa suna zaton ƙasan jirgi inda ake loda akwatuna babu iska sam, a'a, matsin iskar can ɗaya ne da na wajen zamanku. Sai dai wannan ɗin ma ya isa ya yi ɓarna, domin iskar da kika rufe a cikin kwalba a ƙasa, in an kai sama tana neman ta ƙara girma da kwata ko ma kashi 1 cikin 3, ba ta da wajen zuwa, sai ta tura duk abin da ke gabanta.

Kin ga kenan ba man ne ke kumbura ba, iskar da ke samansa ce. Shi ya sa robar da aka yi amfani da rabinta ta fi sabuwa cikakkiya haɗari nesa ba kusa ba, don rabin nan na sama duk iska ce. Da a tsaye kwalbar take, iskar ce za ta sulale ta gefen murfi ta fita, ba wanda zai sani. Amma akwati a ƙasan jirgi ba a tsaye yake ba, a kwance yake ko a kife, wani lokacin da akwatuna huɗu a kansa, man ya taru a bakin murfi iskar ta koma baya tana turo shi, awa biyar ko shida ana haka. Ki ƙara da jifa, daga bel mai jan akwatuna zuwa keken kaya, daga keke zuwa cikin jirgi, a sauke a sake lodawa in akwai canjin jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul. Murfin da kika ɗaure da hannu kina ganin ya zauna, jijjiga tana iya sassauta shi kaɗan, kaɗan ɗin nan kuma ya wadatar.

Har garin da kika rufe kwalbar yana da tasiri. Jidda da Legas da Dubai a bakin teku suke, iskar can ta fi kauri, kwalbar da aka rufe a can ita ta fi jin jiki a sama. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, Jos ta haura mita 1,200, Addis Ababa kuwa ta wuce mita 2,300. Ni dai kayana a hanyar dawowa daga Jidda suka zube, kuma yawancin waɗanda suka ba ni irin wannan labari su ma a dawowa ne.

Abu na farko, tun kafin a zo maganar leda da salatif, ki rage abin da za ki ɗauka. Tafiyar sati biyu ba ta buƙatar ƙatuwar robar loshan mai mililita 400 da shamfu da sabulun ruwa kowanne babba. Sabulun wanka na dunƙule ba ya zubewa, sabulun salo in ya bushe shi ma haka, turaren wuta na itace ko na gari ba ruwansa da matsin iska, kwalli da hoda sai dai su fashe in ba a kare su ba. Abin da ake samu a kowane kanti a can, irin su makilin da shamfu, ki saya in kin isa, ƙarami, ki ƙarar da shi ki dawo hannu sake. Wanda dole sai kin tafi da shi, kamar man da fatarki ta saba da shi ko humrar da ba za ki samu irinta ba, shi za a tsaya a yi wa aiki.

Ki duba murfin kowanne, don duk rigimar a murfi take. Murfi mai juyawa, wanda ake murɗawa ya zauna, shi ne mafi aminci. Mai ɗagawa, irin na shamfu da ake ɓallewa da babban yatsa, abu kaɗan ya danne robar zai buɗe. Mai famfo, irin na loshan da sabulun wanke hannu, shi ne mafi muni a wajena, domin ko an kulle kan, bututun da ke ciki hanya ce a buɗe daga ƙasan robar har waje. In kan yana kulluwa ki danna shi ƙasa ki murɗa har ya kama, sannan ki naɗe da salatif, amma gaskiya abin da ya fi shi ne ki juye abin da kike buƙata a ƙaramar roba mai murfin juyawa ki bar mai famfon a gida. Kuma dan Allah a daina zuba humra ko man zaitun a tsohuwar robar ruwan sha. Murfin nan sau ɗaya aka yi shi ya rufu da kyau, robar kuma sirirya ce, ta lotse sau biyu ta tsage.

Sai cire iska. In roba ce mai laushi, ki buɗe, ki matse ta a hankali har man ya hau ya zo daf da baki, kina riƙe da ita a matse ki mayar da murfin ki ɗaure. Za ki ganta ta ɗan lotse, haka ake so, don in an hau sama ɗan guntun iskar da ya rage zai samu wajen buɗewa, robar ce za ta miƙe maimakon man ya fito. Makilin da man fuska na tub ma haka, ki matso shi har ya leƙo sannan ki rufe. In kwalba ce ta gilashi ko roba mai tauri wadda ba ta matsuwa, toh nan cika ta ya fi, ki bar wuri kamar faɗin yatsa ɗaya a sama saboda zafi. Humra rabin kwalba ki nemi ƙaramar kwalba da mazurari ki juye ta ta cika.

Daga nan sai dabarar da na fi yarda da ita, kuma ba ta cin ko sisi. Ki cire murfin gaba ɗaya, ki goge bakin kwalbar da tishu ya bushe, ki yanko 'yar leda mai laushi, irin farar ledar ƙulla sikari ko ledar naɗe abinci, ki linka ta biyu ki ɗora a kan bakin, sannan ki murɗa murfin a kanta har ya zauna, gefen ledar ya leƙo ta ƙasa. Ledar nan tana cike 'yan ƙofofin da ke tsakanin murfi da baki. Har mai ɗagawa ma ana yi masa haka, tunda yawancinsu murfin gaba ɗaya yana kwancewa, ko da saman ya ɓalle a hanya ledar ta tare. Kwalaben humra da na turaren mai da murfinsu ke da sako-sako kuwa, akwai farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo wanda suke naɗawa a bakin bututu, ki zagaya shi sau uku ko huɗu a kan zaren bakin kwalbar, ta ɓangaren da murfin ke juyawa in ana rufewa, sai ki rufe. Ana samunsa a duk shagon kayan famfo, ƙwaya ɗaya za ta yi miki shekara.

Sannan salatif. Amfaninsa shi ne ya hana murfi juyawa ko ɗagewa, shi kaɗai ba ya tare mai. Ki fara wanke jikin robar da sabulu ki goge, don salatif ba ya kama wajen da ke da maiƙo, za ki ga kamar ya manne, kafin a isa filin jirgi ya saki. Ki zagaya inda murfi ya haɗu da jiki sau biyu, ki kuma ɗora wani daga gefe ɗaya ta saman murfin zuwa ɗaya gefen. Ki lanƙwasa ƙarshensa kaɗan don ki samu wajen kamawa in kin isa, kar ki zo kina neman reza a ɗakin otal.

In kin gama, ki gwada tun ana saura kwana ɗaya ko biyu. Ki shimfiɗa tishu a faranti, ki kife kwalaben a kai, masu laushin ki matsa su da ƙarfi da hannu, ki bar su su kwana a kife. Wadda kika ga ko ɗigo ɗaya a ƙarƙashinta da safe, wannan a jirgi zubewa za ta yi, a canza mata mazubi.

Duk da haka ki ɗauka cewa ɗaya daga ciki za ta ci amanarki, don haka sai a shirya mata inda za ta zube. Leda mai zif, mai kauri irin ta firiza, ki sa kwalba ɗaya ko biyu a ciki tare da tishu ko tsohon ƙyalle, ki matse iskar ledar ta fita kafin ki ja zif ɗin, in ba haka ba ita ma za ta kumbura ta buɗe. Sai ki sa ta cikin wata ledar ta biyu, bakin ta farko yana kallon ƙasan ta biyu. In babu mai zif, leda biyu masu kauri, ki murɗe bakin ki lanƙwasa ki ɗaure da robali. Kar ki tara komai a leda ɗaya, mai daban, sabulu daban, turare daban, jan farce da abin goge shi kuwa su kaɗai, don abin goge farcen nan yana cin roba yana cire launin kaya. Masu yara, pampas yana aiki sosai, ki naɗe robar shamfu ko sabulun ruwa a ciki ki manne, zai shanye. Sai dai ya fi shan abu mai ruwa-ruwa, na mai tsohon tawul ya fi.

Turaren fesawa na kamfani, wanda kansa a matse yake da ƙarfe, ba kasafai iska ke fitar da shi ba, nasa matsalar fashewa ce, ko murfin ya fita wani abu ya danne kan ya yi ta fesawa har ya ƙare. In kwalinsa na nan ki mayar da shi ciki, in babu ki manne murfin, ki zura shi a safa mai kauri, ki sa a leda. Kar kwalba biyu ta gilashi su taɓa juna. 'Yan ƙananan kwalaben turaren mai ɗin nan da ake sayowa dozin-dozin a Makka da Madina don rabo, su miski da oud, musamman masu ƙwallo a baki, ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ƙara ɗaure murfin, don a shago da sauri ake cika su, za ki samu uku ko huɗu a dozin da ba su ɗauru ba. Ni roba mai murfi nake samu, irin ta zuba abinci, in jera su a ciki in cusa auduga ko tishu a tsakani har in girgiza in ji shiru. Robar abincin nan ma ita ce maganin danniya ga duk sauran mayukan, ko akwati goma aka ɗora ba za su matsu ba.

Akwai waɗanda muke mantawa da su saboda a gida a daskare muke ganinsu. Man kaɗanya, basilin, man kwakwa, man shanu, man kitso. Man kwakwa yana narkewa tun a digiri 24, man kaɗanya kuma zafin jikin mutum ma yana narkar da shi, toh ki tuna akwati yana iya yin awa guda ko fiye a kan keken kaya a rana kafin a loda shi, a Jidda ko Kano lokacin zafi ana haura digiri 40. Gwangwanin man kaɗanya mai faɗin baki wanda murfinsa dannawa kawai ake yi, in ya narke a kwance sai dai wani ba shi ba. Duk waɗannan ki ɗauke su a matsayin ruwa, leda a ƙarƙashin murfi, salatif, leda biyu. Zuma ma haka, a hankali take fita amma ba ta tsayawa, kuma wanke ta daga cikin akwati aiki ne. Tsimi da jiƙe-jiƙen magani kuwa, waɗannan suna ci gaba da tsami a cikin roba suna fitar da tasu iskar, ga ta jirgi kuma, ni shawarata a tafi da garin ko saiwar a haɗa a can, in ƙasar da za a je ta yarda a shiga da su. Manja kamfanonin jirgi da yawa ba sa karɓarsa ma, ki tambaya tun kafin ki saya.

Wajen jerawa, kwalabe a tsakiyar akwati suke zama, kaya masu laushi a ƙasa da sama da kowane gefe, nesa da kusurwa da wajen taya da ƙarafan hannun ja. Ki kewaye su da kayan da in sun ɓaci ba za ki ji ciwo ba, tawul, kayan barci, zanin wanka, kayan da aka riga aka sa ba a wanke ba. Kar akwatin ya zama da sarari kaya suna yawo a ciki, kar kuma ya cika har sai an hau kansa an zauna kafin zif ya rufu, wannan zaman kaɗai ya isa ya ɓalle murfin shamfu tun a gida. Jakar Ghana-must-go ba ta kare komai daga danniya, wasu kamfanonin ma sun daina karɓarta, in ita ce dole toh kar a sa kwalba a ciki. Sannan ki juya tunanin, abin da kike tsoron ya ɓaci shi ma ki sa shi a tasa ledar. Farar shadda, leshi, harami, jallabiyar tsaraba, kowanne a leda a ƙulle. Da na yi wannan kaɗai da jallabiyar Baba ta tsira. Abinci kuma, dabino, kilishi, yaji, garin kunu, in da hali akwatinsu daban, don ko turare bai taɓa su ba suna ɗaukar ƙamshinsa. Alƙur'ani da takardun makaranta da na asibiti da kwamfuta, jakar hannu.

Naɗe akwati da ledar nan da ake yi a filin jirgi a biya kuɗi, yana da amfani wajen ruwan sama da ƙura da man wani in ya zubo daga akwatin da ke saman naki, amma abin da ke cikin naki ba ruwansa da shi.

Wata za ta ce toh ba sai in riƙe su a hannu ba. Ana iya yi, in ƙanana ne. Tun 2006 aka kafa dokar cewa duk abu mai ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda ɗaya mai nuna ciki mai cin lita 1. Girman mazubin ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba, kwalba mai 200 ko saura kaɗan a ƙasanta za a karɓe, na ga mata suna roƙo a wajen bincike kan turare mai tsada kuma ba a ba su ba. Loshan, makilin, basilin, zuma, duk ruwa ake lissafa su. Magani da madarar jariri ana ɗaga musu ƙafa, a nuna su kawai. Wasu filayen a Turai sun fara sassautawa saboda sabbin na'urorin haska kaya, amma ki shirya da tsohuwar dokar tunda ba ki san na hanyar dawowa ba. Turaren da ya fi tsada, in bai wuce 100 ba, gara yana jikinki, kuma shi ma a leda, don iskar wajen zama ɗaya ce da ta inda ake loda akwatuna.

Na akwatin awo, wato wanda ake aunawa a loda a ƙasan jirgi, shi ma yana da iyaka, mutane ba su cika sani ba. Turare da bodi sifire da abin fesa gashi da makamantansu, ƙa'idar jiragen sama ta duniya ita ce kowane ɗaya kada ya wuce mililita 500 ko giram 500, jimillarsu kuma ga mutum ɗaya kada ta wuce lita 2 ko kilo 2, kuma duk gwangwanin fesawa sai da murfinsa a kai. Fentin fesawa ba a yarda da shi ba sam, maganin sauro na fesawa ma mafi yawansa mai kama wuta ne, a bar shi. Masu saro turare daga Dubai kwali-kwali, wannan hanyar kago ce, wato aika kaya daban ta kamfanin dako, ba akwatin fasinja ba.

Zamzam kuma dan Allah kar a cusa shi a akwati. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Saudiyya ta hana, hukumar alhazai ma kowace shekara sai ta maimaita gargaɗin, akwai robar lita 5 da aka rufe aka naɗe ta musamman don jirgi, ita ce hanyar. In na'ura ta hango ruwa a akwati buɗe shi za a yi a cire, wani lokacin akwatin ya makara bai biyo jirginku ba, in kuma ya tsallake ya fashe a hanya, kayanki da na bayin Allah da ke ƙasan naki duk sun jiƙe.

Abin da ya ci ni, kuma yake cin mutane, shi ne dawowa. A tafiya an zauna a gida an shirya a nutse, a dawowa kuwa robobin duk sun koma rabi, an cire salatif an yar, mota na jira a ƙofar otal, tsaraba ta yi yawa ana ta dannawa. Don haka tun daga gida ki sa salatif ɗaya da ledoji masu zif kamar goma da 'yan robali a aljihun akwatin, su zauna a can kullum. Daren da za a taso ki ware minti 20 ki sake bin kwalaben kamar yadda kika yi a farko. Robar da ta rage kwata ki bar wa wani a can, ba ta kai darajar abaya ɗaya ba.

In kin isa, ledar mayukan ki fara cirowa ki kai banɗaki, ki tsayar da su na ɗan lokaci man ya koma ƙasa, ki buɗe a hankali bakin yana kallon nesa da fuskarki da kayan jikinki. In garin mai tudu ne kamar Addis Ababa ko Nairobi, robar da aka rufe a Legas tana nan a kumbure, kina ɗaga murfi loshan zai yi tsartuwa.

In kuma kin ɗauki akwatinki a kan bel kin ganshi a jiƙe ko a fashe, kar ki fita daga filin jirgin. Ki ɗauki hoto a wajen, ki je teburin kamfanin na korafin kaya a cike miki takarda, ki riƙe 'yar takardar lambar akwatin da aka manna miki lokacin awo. A tafiyar ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan sufurin jirgin sama, ta ba fasinja kwana 7 ya shigar da korafi a rubuce kan kayan da suka lalace. Amma ki sani in robarki ce ta zube saboda yadda kika shirya ta, da wuya su biya, wannan ya fi amfani in akwatin ne aka fasa ko kayan wani suka zubo wa naki.

Wanki kuma, shamfu da sabulun ruwa masu sauƙi ne, ruwan sanyi mai yawa a yi ta ɗauraya har kumfa ta ƙare. Cikin akwatin a goge da tsumma da ruwan ɗumi da sabulu, a barbaɗa bekin soda ya kwana, a kakkaɓe a bar shi a buɗe a inuwa kwana biyu ko uku. Mai shi ne mai wuya. Kar ki cuɗa, cuɗawa faɗaɗa shi take yi. Ki danna tishu a kai ya tsotse abin da zai tsotsa, ki zuba hoda ko garin sitaci ki rufe tabon ruf, ki bar shi ya kwana, ki kakkaɓe, in da saura ki sake. Sannan ki ɗiga sabulun wanke kwanuka na ruwa a kan tabon kai tsaye, ki shafa da yatsa a hankali, minti 15 ko 20, ki ɗauraye da ruwa mai ɗan ɗumi, ki shanya a inuwa ki duba in ya bushe, don a jiƙe tabon mai ɓuya yake yi. Shadda mai tsada da leshi mai duwatsu gara a kai wa masu wankin zamani a gaya musu ainihin abin da ya zuba. Kuma duk yadda za a yi kar dutsen guga ya hau wajen sai tabon ya fita gaba ɗaya, zafi zaunar da shi yake yi. Jallabiyar Baba a ranar aka ba mai wanki ya wanke ya goge, don muna sauri ya sa ta ranar Juma'a, aka dawo da ita da inuwar man a ƙirji, mun sake wankewa ya fi sau biyar bai fita ba. A gida yake sa ta yanzu, da yamma in zai zauna a zaure.